Yadda Za Ka Nemi Takardun Kuɗin Filin Jirgin Ambursa, Kuma A Ba Ka Amsa

Filin jirgin saman Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, da dukiyar jama'a aka gina shi. Gwamnatin jiha ce ta yi aikin a zamanin Gwamna Sa'idu Dakingari, daga baya a zamanin Atiku Bagudu aka miƙa shi ga gwamnatin tarayya. Daga nan ne jirgin farko na alhazan Najeriya na hajjin 2024 ya tashi a watan Mayu. Duk mun yi alfahari da wannan rana. Amma zauna a kowace majalisar hira a Badariya ko Gesse ka kawo zancen filin, za ka ji adadi iri-iri na abin da aka kashe, kowa na rantsuwa da nasa, kuma babu mai takarda ko ɗaya a aljihu.

Aikin rajista na yi a ma'aikatar gwamnati har na yi ritaya, wato ofishin da kowace wasiƙa ke fara sauka kafin ta isa teburin manya. Abin da shekarun nan suka koya mini shi ne, surutun gari ba ya motsa fayil. Wasiƙar da aka buga wa hatimi, aka rubuta mata kwanan wata, mai ita kuma ya tafi da kwafi, ita ce ke hana ma'aikaci sakewa. Wannan hanyar nake so in shimfiɗa maka.

Makaminka shi ne Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda 'yan jarida ke kira FOI. Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. Sashe na 1 ya ba kowane mutum damar neman duk wata takarda da ke hannun hukumar gwamnati, kuma ya fito fili ya ce ba sai ka faɗi dalilinka ba. Riƙe wannan da kyau, domin tambayar farko da za a tare ka da ita ita ce, "Wa ya aiko ka?" Ba wanda ya aiko ka, kuma doka ba ta ce sai an aiko ka ba. Shekaru da dama jihohi suna fakewa da cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba sai majalisarsu ta yi tata. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta rufe wannan ƙofa a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, ta ce dokar ta shafi jihohi duka. Don haka ma'aikatar ayyuka a Birnin Kebbi ko Gusau ba ta da wannan uzuri yanzu.

Kafin ka ɗauki biro, tantance wa ke riƙe da takardar da kake so. A nan yawancin masu nema ke ɓata. Filin jirgi ba hukuma ɗaya ke gudanar da shi ba. Ginin fasinjoji, titin saukar jirgi, shinge, motocin kashe gobara, kuɗin shiga ƙofa da hayar shaguna, duk na hukumar kula da filayen jiragen sama, wato FAAN, ne a filayen tarayya, kuma tun farkon 2024 hedikwatarta ta koma Legas. Hasumiya da na'urorin jagorantar jirgi na hukumar kula da zirga-zirgar jirage a sama ne, wato NAMA. Na'urorin auna yanayi na hukumar hasashen yanayi ne, wato NiMet. Hukumar NCAA ce mai sa ido kan harkar jiragen sama, ita ke duba ko fili ya cika ƙa'idar tsaro, ita ke da rahotannin dubawa. Manyan ayyuka sau da yawa a kasafin Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama da ke Abuja suke fitowa. Jigilar alhazai kuwa, yarjejeniya da kamfanonin jirage tana hannun hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, hidimar sansani da motoci kuma tana hannun hukumar jin daɗin alhazai ta jiha. Asalin kwangilar gina Ambursa da diyyar gonakin da aka karɓa, waɗannan takardun jiha ne, ma'aikatun ayyuka, kuɗi da filaye za ka dosa. Takardar yarjejeniyar miƙa filin ga tarayya kuma ɓangarorin biyu duk suna da ita, kuma a ganina ita ce ta fi cancanta a fara nema, domin a cikinta za a ga abin da kowane ɓangare ya ɗauka wa kansa.

Idan ka kuskure adireshi, wasiƙarka ba ta mutu ba. Sashe na 5 ya ba hukumar da ka rubuta wa damar tura ta wurin da ya dace, cikin kwana 3 zuwa 7, ta kuma sanar da kai a rubuce. Sai dai lissafin kwanaki zai fara sabo daga ranar da ta isa can.

Sannan ka leƙa abin da aka riga aka wallafa, ko ka sa yaro mai waya ya leƙa maka. Kasafin kuɗin tarayya na kowace shekara yana shafin intanet na Ofishin Kasafi, kuma kowane aiki yana da lambarsa. Jihohin Kebbi da Zamfara ma suna wallafa kasafinsu da rahoton yadda aka aiwatar da shi duk wata uku. Akwai shafin buɗaɗɗen baitulmali da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a watan Disamban 2019, inda aka umarci ma'aikatu su riƙa sa duk biyan da ya haura naira miliyan 5. Ƙungiyar BudgIT tana tattara irin waɗannan a shafinta na Govspend, ya fi sauƙin bincike. Rubuta "Kebbi" ko sunan filin ka ga abin da zai fito. Amfanin wannan wahala shi ne ka samu sunan aiki yadda yake a rubuce, da lambarsa, da shekararsa. Mai neman da ya zo da lambar aiki, ma'aikaci ba ya iya ce masa ba a gane abin da yake nufi ba.

Yanzu rubutun kansa. Kada ka nemi bayani, ka nemi takarda. Idan ka rubuta, "Ina so a yi mini bayanin yadda aka kashe kuɗin filin jirgi," za a ba jami'in hulɗa da jama'a ya rubuto maka shafi guda na yabon gwamnati, kuma a idon doka an amsa maka. Idan kuwa ka ce kana son kwafin takardar ba da kwangila, to ko dai a ba ka, ko a rubuta cewa an hana, ko a rubuta cewa babu ita. Kowanne cikin ukun nan abin riƙewa ne.

Kuma ka tsaya kan aiki ɗaya. Na sha ganin wasiƙa mai tambaya ashirin, tun daga ranar da aka aza harsashi har zuwa jiya. Irin wannan sai an raba ta ga sassa biyar, kowane sashe na jiran ɗan'uwansa, a haka take tsufa. Zaɓi guda: gyaran shinge, ko fitilun titin jirgi, ko sayen motar kashe gobara, ko kuɗin shigar filin na shekara ɗaya. Ga yadda jikin wasiƙar zai kasance:

"Bisa sashe na 1 da na 4 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, ina neman kwafin takardun nan da suka shafi aiki kaza, mai lamba kaza a kasafin shekara kaza: tallar neman 'yan kwangila da sunan jaridun da aka buga ta, sunayen kamfanonin da suka nema da farashin kowanne, takardar ba da kwangila da yarjejeniyar da aka sa wa hannu, jadawalin kayan aiki da farashinsu, baucocin duk biyan da aka yi, takardar amincewa da ƙarin kuɗi idan an yi, da takardar shaidar kammala aiki. Na shirya biyan kuɗin kwafi. Idan an ga akwai ɓangaren da doka ta hana bayarwa, ina roƙon a cire shi a ba ni sauran bisa sashe na 18, a kuma rubuta mini sashen da aka dogara da shi."

Ƙarƙashinta sunanka, adireshi, lambar waya, sa hannu da kwanan wata. A sama ka rubuta ta ga shugaban hukumar, ko Babban Sakatare idan ma'aikata ce, ka ƙara cewa a kula da jami'in da ke karɓar buƙatun FOI. Ofisoshinmu da Turanci suke aiki, saboda haka ka tsara abinka da Hausa yadda ka fahimta, sannan ka sa wanda ka amince da shi ya juya maka. Wanda bai iya rubutu ba, ko mai lalurar da ta hana shi, sashe na 3 ya ba shi damar nema ta hannun wani. Sashen ya kuma ce idan mutum ya nema da baki, jami'in ya rubuta ya ba shi kwafi. Dattijon Ambursa da aka karɓi gonarsa yana da wannan haƙƙi daidai da lauya. Haka uwargidan da ba ta fita, ɗanta ko ƙanenta na iya kai mata.

Kai wasiƙa shi ne wurin da na fi so ka natsu. Yi kwafi biyu. Je da safe, ranar Litinin ko Talata, kada ka je Juma'a. Nufi rajista kai tsaye, kada ka ba maigadi, kada ka ba masinja a baranda, kada ka ba wani ɗan unguwarku da ke aiki a wurin don ya "shigar maka". Duk waɗannan hanyoyi ne na alheri, amma ba su barin shaida. Yi sallama, ka gaida ma'aikacin da mutunci, ka ce, "Malam, wasiƙa na kawo, don Allah a buga mini hatimin karɓa a kwafina." Hatimin ya nuna sunan ofis da kwanan wata, mai karɓa ya sa hannu, in da hali ya rubuta sunansa. Duba kwanan watan kafin ka fita, domin wani lokaci ba a juya lambobin hatimin ba tun makon jiya. Tambayi lambar da aka ba wasiƙarka a littafin shigowar wasiƙu, ka rubuta ta a bayan kwafinka. Da wannan lamba ake bin sawun fayil daga tebur zuwa tebur.

Wani zai ce maka, "Bari Oga ya gani tukuna kafin mu karɓa." Ka amsa cikin ladabi cewa aikin rajista karɓa ne, Oga zai gani bayan an shigar. Ka tuna wannan ma'aikaci ƙarami ne, tsoron faɗa yake ji, ba gaba yake da kai ba. Ɗaga murya ba ya ƙara maka komai. Idan ya ƙi sam, koma ka aika ta kamfanin kai saƙo mai ba da rasit da shaidar isarwa. Wannan ita ce hanyar da za ka bi ma ga ofisoshin Legas da Abuja. Kana iya kai kwafi ofishin manajan filin a Ambursa, amma takardun manyan kwangiloli a hedikwata suke. Imel ma yana da amfani a matsayin ƙari, sai dai ni na fi natsuwa da hatimi.

Daga ranar hatimi, hukuma tana da kwana 7 ta ba ka ko ta hana ka a rubuce. Sashe na 6 ya yarda ta ƙara wasu kwanaki da ba su wuce 7 ba idan takardun suna da yawa ko sai an tuntuɓi wani, amma dole ta sanar da kai. Idan wa'adi ya cika shiru, sashe na 7 ya ɗauki shirun a matsayin hanawa. Kuɗin da za a caje ka na kwafi ne kawai. Babu kuɗin fom, babu kuɗin bincike, kuma duk abin da ka biya ka karɓi rasit na gwamnati.

Amsoshin hanawa kusan iri uku ne, kuma gara ka san su tun kafin su zo. Na farko, tsaro. A halin da yankinmu ke ciki, wannan kalma tana rufe bakin kowa, kuma gaskiya akwai abin da bai kamata a bayar ba: inda kyamarori suke, jadawalin masu gadi, zirga-zirgar jiragen soja. Kada ma ka nemi waɗannan. Amma farashin shinge da sunan wanda ya yi shi ba sirrin tsaro ba ne, shi ya sa ka ambaci sashe na 18 tun a wasiƙarka. Na biyu, a ce takardar sirri ce, an buga mata jan hatimi. Sashe na 28 ya ce wannan hatimi shi kaɗai ba ya hana bayarwa, sai an nuna takardar ta faɗa cikin abubuwan da dokar kanta ta keɓe. Na uku, a ce sirrin kasuwancin ɗan kwangila ne. Sashe na 15 yana kare farashin masu nema kafin a ba da kwangila, don kada wani ya leƙa na wani. Bayan an bayar, an fara biya daga baitulmali, wannan hujja ta yi rauni ƙwarai. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ma ta ce a ajiye takardun kwangilar tarayya shekara 10, jama'a kuma na iya dubawa su biya kuɗin kwafi.

Idan an hana ko an yi shiru, rubuta tunatarwa gajera ka maƙala kwafin mai hatimi, ka aika kwafi ga Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya, domin kowace hukuma tana kai wa Antoni Janar, wato ministan shari'a, rahoton buƙatun da ta karɓa zuwa 1 ga Fabrairu na kowace shekara. Amma kada tunatarwa ta shagaltar da kai. Kwana 30 kake da su daga ranar hanawa ka shigar da ƙara, kuma alkawarin "dawo mako mai zuwa" ba ya tsayar da wannan lissafi. Akwai Babbar Kotun Tarayya a Birnin Kebbi. A gaban alƙali, hukuma ce za ta kawo hujjar hanawa, ba kai ne za ka kawo hujjar nema ba. Idan aka tabbatar an hana ba bisa ƙa'ida ba, tarar naira 500,000 ce, wanda kuma ya lalata ko ya sauya takarda da gangan, ɗaurin da bai gaza shekara ɗaya ba. Kotu tana cin kuɗi, na sani. Shi ya sa ya fi kyau a nema da sunan ƙungiya, ta 'yan kasuwa ko ta ci gaban gari, a kuma tuntuɓi reshen ƙungiyar lauyoyi ko ƙungiyoyi irin su SERAP da Media Rights Agenda da suka saba da irin wannan shari'a. Wanda ba zai iya kotu ba, yana iya kai kuka Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a kyauta, ko ya miƙa koke ta hannun ɗan majalisarsa. Sashe na 88 da 89, da na 128 da 129, na tsarin mulki sun ba majalisun tarayya da na jiha ikon kiran kowane jami'i ya zo da takardu.

To, a ce an ba ka. Mai sayen albasa a Aliero ba ya biya don kyan saman buhu, sai an zazzage ya ga ƙasa. Adadi huɗu za ka jera gefe da gefe: abin da aka sa a kasafi, kuɗin da ke cikin yarjejeniya, jimillar baucocin da aka biya, da abin da takardar kammalawa ta ce an yi. Mutane da yawa suna ganin biliyan a kasafi su ce an cinye, alhali wataƙila ko kwabo ba a saki ba. Kasafi niyya ce, bauca ita ce biya. Duba kuɗin kafin alƙalami: a kwangilar tarayya iyakarsa kashi 30 cikin ɗari ne tun gyaran Dokar Kuɗi ta 2020, a da kashi 15 ne. Duba ko an yi ƙarin kuɗi bayan an fara aiki, da wanda ya amince. Duba kwanan watan talla da na ba da kwangila, ko tazarar ta isa a yi takara ta gaskiya. Sa sunan kamfanin a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ka ga yaushe aka yi masa rajista da su wa ke da shi. Idan babban aiki ne, nemi takardar amincewar BPP, hukumar da ke sa ido kan kwangilolin tarayya. Sannan ka ba injiniya ko mai ƙiyasin gini jadawalin kayan aiki ya karanta maka, domin kwaltar titin jirgi ba irin ta titin unguwa ba ce, kuma tsadarta kaɗai ba shaidar cuta ba ce.

Kada ka manta da ɓangaren shigar kuɗi, wanda ni ya fi damuna. Gina fili sau ɗaya ake yi, ciyar da shi kuwa kullum ne: dizal, albashi, yankan ciyawa, gyaran na'urori. Shugabannin FAAN da kansu sun faɗa cewa filaye ƙalilan ne cikin nasu ke riƙe kansu. Nemi adadin jiragen da suka sauka da fasinjojin da suka bi ta Ambursa wata-wata na shekara ɗaya, da abin da aka tara a ƙofa, wurin ajiye motoci da shaguna, da abin da aka kashe. Idan gwamnatin jiha tana tallafa wa wani kamfanin jirgi don ya riƙa zuwa, wannan yarjejeniya ma takardar jama'a ce. Ba don a rufe filin nake faɗin haka ba. Ina son ya rayu, ina son shinkafa da albasarmu su samu hanyar fita, kuma ba za a gane abin da ya hana hakan ba sai an ga lissafi.

'Yan'uwanmu na Zamfara, waɗanda alhazansu suka daɗe suna tashi ta Sakkwato, su ne suka fi dacewa da lokaci. A 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da aikin filin jirgin Gusau, takardunsa sababbi ne, waɗanda suka sa hannu suna nan. Bayan takardun kwangila, su nemi rahoton tasirin aikin ga muhalli, wanda dokar 1992 ta wajabta ga filin da titinsa ya kai mita 2,500. Su nemi jadawalin diyya kuma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 tana biyan amfanin gona, itatuwa da gine-ginen da ke kan fili. Ana iya ƙin ba ka sunayen mutane da abin da kowa ya karɓa, saboda sashe na 14 yana kare bayanan mutum, amma mai gona yana iya neman nasa, kowa kuma yana iya neman jimilla da ma'aunin da aka bi wajen ƙiyasi.

Idan za ka je ganin aiki da idonka, tsaya inda aka yarda jama'a su tsaya, kuma ka nemi izini kafin ka ɗaga waya ka ɗauki hoto. Filin jirgi wuri ne mai dokar tsaro, tsallaka shinge zai mai da kai wanda ake tuhuma. Abin da ka samu kuma, in za ka sa a Facebook ko ka kai gidan rediyo, sa takardar yadda take, ka faɗi abin da ta nuna da abin da ya saɓa, ka bar kalmar sata a bakin alƙali. In giɓin ya yi girma, haɗa kwafi ka kai wa ICPC ko EFCC da Babban Mai Binciken Kuɗi, kowanne da wasiƙar rakiya, kowanne kuma a buga maka hatimin karɓa. Asalin takardun su zauna a gida, kwafi kawai ke fita.